Yadda Aka Koyi Awon Ƙasa, Daga Taki Har Zuwa Kwamfuta

Cikin shekarar 1824 wani Baturen Ingila, Kyaftin Clapperton, wanda ya ke kiran kansa Abdullahi a ƙasar nan, ya sauka Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Babban abin da ya kawo shi shi ne ya san inda Kogin Kwara ya nufa, don a lokacin Turawa ba su san inda ya ke faɗawa teku ba. Kafin ya tashi sai Sarkin Musulmi ya sa aka ba shi taswira, ga kogin, ga garuruwa, ga ƙasashen da ke kewaye. Ya tafi da ita gida, aka buga ta a Landan cikin 1826. A zamanin nan da kwanakin tafiya a ke auna nisa, masanan hanya kuwa su ne fatake da alhazai da manzannin sarakuna, waɗanda suka san kwana nawa ne daga wannan zango zuwa wancan.

Tun daga lokacin nan zuwa yau kayan aikin taswira sun sake kama sau da yawa. Duk sa'ad da suka sake kuwa, wahala ɗaya ce ta ke komowa. Kaya dai rana ɗaya a kan saye su in akwai kuɗi, amma mutumin da zai riƙe su sai an yi shekaru ana koya masa.

Bayan Turawa sun ci Kano cikin 1903, suka so su san girman gonar kowane talaka, don a yanka masa haraji gwargwadonta. Ba su da ma'aikatan da za su yi wannan, sai aka ɗebo malamai da suka iya rubutu da lissafi, aka koya musu su taka tsawon gona da fāɗinta da ƙafa, su rubuta a littafi. Su ne a ke kira malaman taki. Dabara ce mai arha, amma fa tana da rami. Takin dogo dabam, takin gajere dabam, gona kuwa ba kasafai ta kan zo da kusurwa huɗu daidai ba. Banda haka, malamin da ba ya tsoron Allah ya sami ƙofar da zai rage wa mai hannu da shuni, ya ƙara wa wanda ba shi da kowa. Duk kuskuren da aka yi, manomi ne ya ke biyansa daga rumbunsa.

A Kudu an riga an fara wata hanya. Da fari wanda ke son ya ƙware a aikin safiyo sai ya ƙetare teku. Haka Herbert Macaulay ya yi, ya zauna Plymouth ta Ingila daga 1890 zuwa 1893, ya komo Ikko yana auna filayen Gwamnati tun kafin a san shi a fagen siyasa. Cikin 1908 aka buɗe makarantar safiyo a Ikko. Daga baya aka mai da ita Ibadan, sa'an nan cikin shekarun 1930 aka kai ta Oyo, inda ta ke har yanzu.

Abin da a ke fara ɗora wa ɗalibi a irin wannan makaranta shi ne lissafi, sa'an nan sarƙa. Sarƙar awo wani masani ne na Ingila, Edmund Gunter, ya tsara ta wajen 1620. Tsawonta ƙafa 66, gaɓoɓinta 100. In ka ja ta sau 80 ka yi mil guda. Filin da ya yi sarƙa 10 a tsawo, sarƙa guda a fāɗi, shi ne eka ɗaya. Kun ga yanzu dogo da gajere awonsu ya zama ɗaya.

Amma ba wanda zai ja sarƙa daga Ikko zuwa Barno. Don haka a kan koya wa ɗalibi wata hikima. A auna layi guda a fili mai shimfiɗa, a yi ta maimaitawa har a tabbata ba kuskure. Daga kowane bakin layin a kafa madubin awo, a hangi kan wani dutse, a rubuta yawan karkatar da madubin ya yi. Da tsawon layin da karkatar nan biyu, lissafi zai ba ka nisan dutsen ba tare da ka taka zuwa can ba. Daga wannan dutse a hangi na gaba, haka haka har a rufe ƙasa duka da zane mai kusurwa uku-uku. Wani wuri kusa da Minna aka ɗauka ya zama tushe, duk awon Nijeriya na zamanin nan daga can a ke ƙirga shi. Aiki ne na wata da watanni a daji, da 'yan dako da tanti, ga sauro ga ƙudan tsando, in hazo ya sauko kuma a zauna jira, don ba a ganin kan dutse. 'Yan turakun simintin nan masu lamba da ku ke gani a kusurwar fili, 'ya'yan wannan aiki ne, shi ya sa doka ta hana a tumɓuke su.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu sai jirgin sama ya shigo aikin. Cikin 1946 Gwamnatin Ingila ta kafa ofishi na musamman don zana taswirar ƙasashen da ke ƙarƙashinta, ta ba Martin Hotine shugabancinsa. Jiragen soja suka riƙa bin ƙasa layi layi suna ɗaukan hoto, kowane hoto ya hau kan rabin na bayansa. In aka jera biyu aka duba ta wani tabarau, sai ka ga duwatsu sun taso, kwari ya lotsa, kamar kana shawagi a kansu. Daga nan aka sami taswirorin da santimita 2 a takarda ke daidai da kilomita guda a ƙasa. Sai dai akasarin zanen a kusa da Landan a ke yinsa, don a can gwanayen karanta hoto su ke. Ƙasa tamu, hoto namu, amma sai mu jira a aiko mana.

Wata makaranta da aka kafa a Delft ta ƙasar Holan cikin 1950 ta horar da mutanen Afirka da Asiya masu yawa a wannan fanni, amma mutum nawa Gwamnati za ta iya aikawa Turai? Saboda haka cikin 1972, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, aka buɗe cibiyar RECTAS a harabar Jami'ar Ife. Ƙasashe takwas suka haɗa kai a kanta, watau Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Benin da Mali da Senegal da Burkina Faso, ana karatu da Ingilishi da Faransanci. Cikin 2016 aka sake mata suna AFRIGIST. A Yamai kuma, bayan farin nan da ya halaka dabbobi, aka kafa cibiyar AGRHYMET cikin 1974, don koyar da lura da ruwan sama da amfanin gona da makiyaya.

To, yanzu sai mu bar Afirka kaɗan mu leƙa Kanada, don a can kwamfuta ta shiga wannan sana'a. Wani saurayi haifaffen Ingila, Roger Tomlinson, yana aiki a wani kamfanin hoton sama a Ottawa. Aka ba su aikin neman wurin da ya dace a dasa itatuwan yin takarda a Kenya. Kafin a gane wurin sai an ɗora taswirar ruwan sama kan ta irin ƙasa, a ɗora ta hanyoyi, a ɗora ta mazaunin mutane, kamar a jera mayafai shara-shara a duba ta cikinsu. Da hannu aikin ya yi tsada ƙwarai, sai ya fara tunanin a mai da taswira lambobi, a ba kwamfuta ta yi ɗorin. Cikin 1962 ya gamu da wani ma'aikacin Gwamnati, Lee Pratt, a jirgin sama, ashe shi ma yana da irin wannan damuwa, don an sa shi ƙididdige ƙasar noma da dazuzzukan Kanada. Da aka yi lissafi sai aka ga aikin zai ci ɗaruruwan ƙwararru shekaru, Kanada kuwa ba ta da su. Aka yarda da shawarar Tomlinson, tsarin ya kama aiki sosai cikin 1971. Shi ne farkon abin da Turawa ke taƙaitawa da haruffa uku, GIS, mu kuwa mu ce tsarin bayanan ƙasa. Ku lura, ƙarancin ma'aikata ne ya haife shi.

Abin mamaki, shi ma da ya girma sai ya rasa masu riƙonsa. Kamfanin Esri na Amurka ya fara sayar da manhajarsa cikin 1982, ma'aikatu suka yi ta saye, suna cigiyar wanda ya iya. Jami'o'i kuwa malamansu ba su taɓa koyon abin ba, littattafai ma 'yan kaɗan ne. Cikin 1988 hukumar kimiyya ta Amurka ta ba jami'o'i uku kuɗi, ta Santa Barbara da ta Buffalo da ta Maine, suka kafa cibiya guda. Michael Goodchild da Karen Kemp suka tattara darasi 75 daga hannun masana, aka gwada su a azuzuwa, aka fitar cikin 1990. Darussan nan sun shiga ƙasashe da yawa, an kuma juya su cikin harsuna dabam dabam. A ganina sun fi jirgi cike da kwamfutoci amfani, don malami guda da ya same su zai iya buɗe aji. Cikin 1992 Goodchild ya yi rubutu yana cewa abin ya wuce iya danna na'ura, ilmi ne mai zaman kansa. Gaskiyarsa kuwa. Kwamfuta za ta ja maka layi siriri ta ce nan daji ya ƙare, amma wanda ya taɓa shiga daji ya san ba haka ya ke ƙarewa ba. Sai mai ilmi ne zai san yawan kuskuren da ke ɓoye cikin layin.

Kayan aiki sun yi ta sauƙi bayan haka. Cikin watan Mayu na 2000 Amurka ta daina dagula saƙon taurarinta na GPS, har na'urar hannu ta iya nuna wa mutum inda ya ke tsaye, kuskuren bai wuce 'yan mitoci ba. Cikin 2002 aka fara manhajar QGIS wadda ba a biyan ko kwabo, cikin 2008 kuma aka saki hotunan taurarin Landsat kyauta. Nijeriya ta sa aka harba mata tauraron ɗan'adam na fari, NigeriaSat-1, daga Rasha cikin Satumba na 2003. A shekaran nan aka kafa ofishin AGIS don mai da takardun filayen Abuja cikin kwamfuta, daga baya Kaduna da Kano da waɗansu jihohi suka bi sawu. Duk da haka ɗakin kwamfuta ba ya aiki sai da lantarki da intanet da mai gyara, makarantu da yawa kuwa a nan su kan yi tuntuɓe, ɗalibi ya haddace darasi a allo bai taɓa gwadawa da hannunsa ba.

Uban da ke son ɗansa ya bi wannan hanya, ya sa ido a kan lissafinsa tun yana ƙarami, sa'an nan labarin ƙasa da kimiyya da Ingilishi. Ana koyar da safiyo a Oyo, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da waɗansu. Wanda zai auna fili ya sa hannu a takardar da kotu za ta karɓa, sai ya sami rajistar majalisar masu safiyo, SURCON, wadda aka kafa cikin 1989. Amma ma'aikatan lafiya da na gona da na ƙidaya da masu haƙa rijiyoyi duk suna neman wanda ya iya tsarin bayanan ƙasa, ko da ba safiyo ne ba.

Aikin rigakafin shan inna ya nuna haka a fili. Cikin 2012 mutum 223 cutar ta kama a duniya duka, 122 daga cikinsu a Nijeriya, galibi a Arewa. Masu ɗiga magani suna yawo da taswirar da aka zana da hannu, wadda ta kan tsallake ƙananan ƙauyuka da rugage, har ya zama akwai yaran da ba a taɓa zuwa ƙofarsu ba. Sai aka ɗauko hotunan taurari, aka zaunar da samari a Kano da waɗansu wurare suna bin hoto suna sa alama a kan kowane rukunin gidaje. Amma hoto ba ya faɗin sunan gari. Dole aka aika mutane da ƙafa, su sami dagatai da masu unguwanni su tambaya, su rubuta sunan kowane wuri daidai. Sa'an nan aka ba ƙungiyoyin rigakafi wayoyi masu GPS, da yamma a duba a ga ƙauyen da aka shiga da wanda aka bari, gobe a koma. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a Nijeriya a Barno ya ke, cikin 2016. Ran 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaidar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita.