Wane Ne Ubangidan Malamin Jami'a?

Duk lokacin da malaman jami'o'in Nijeriya suka ajiye alli, abin da jama'a suka fi ji shi ne maganar kuɗi: albashi ya yi kaɗan, ba a biya alawus ba, ɗakunan gwaje-gwaje sun lalace. Babu ƙarya a ciki. Amma a ganina akwai tambayar da ta riga ta albashi, kuma rashin amsa ta ne ya sa rikicin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tun kafuwar ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 1978: wane ne ubangidan malamin jami'a? A takarda, majalisar gudanarwar jami'a ce take ɗaukarsa aiki, ta ƙara masa girma, ta hukunta shi. A aikace kuwa, duk wani abu mai nauyi da ya shafi aikinsa a Abuja ake yanke shi, a teburin da ba shi da kujera.

Doka ba ta yi rowar 'yanci ba. Gyaran da aka yi wa dokar jami'o'in tarayya a 2003 ya bai wa majalisar gudanarwa ikon naɗa shugaban jami'a, ya kuma tanadi kujeru a cikinta ga mutanen gida: huɗu daga majalisar dattawan jami'a, biyu daga babban taron ma'aikata, ɗaya daga tsofaffin ɗalibai. Ita majalisar dattawan ita ce mai magana ta ƙarshe a kan manhaja da jarrabawa da bayar da digiri. Hikimar wannan tsari a fili take. Aikin ilimi ba ya aunuwa da ma'aunin ofis. Malaman fannin tiyata ko nahawu ne kaɗai za su iya tantance ko wani ya cancanci zama farfesa a fanninsu, ko kuma sashe yana buƙatar ƙarin hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan tanadi ma ba kyauta aka same shi ba. An haramta ASUU a 1988 zamanin Babangida, an ɗora wa Jami'ar Ahmadu Bello soja, Manjo Janar Mamman Kontagora, a matsayin kantoma a 1995, sannan malamai 49 da aka kora daga Jami'ar Ilorin a 2001 sai a 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da su bakin aiki.

To, amma a dubi yadda aka riƙe dokar. Lokacin da gwamnati ta tilasta wa jami'o'i shiga tsarin biyan albashi na IPPIS daga ƙarshen 2019, an gabatar da shi a matsayin gyaran lissafi kawai. Ba haka ya tsaya ba. Tsarin an gina shi ne domin ma'aikacin da yake da ofis ɗaya da mataki ɗaya, alhali jami'a tana rayuwa ne da malamin aro, da mai hutun bincike na shekara guda a wata jami'a, da mai duba jarrabawa daga waje, da ƙwararren da ya yi ritaya aka riƙe shi da kwantiragi. Da biyan waɗannan ya gagara, sassa da dama sun rasa masu koyarwa, ɗaukar sabon malami kuma ya koma sai da izinin ofisoshin Abuja. Majalisar da ba ta iya ɗaukar ƙaramin malami ba tare da neman alfarma ba, sunan ubangida kawai take ɗauke da shi. Sai a Disambar 2023 majalisar zartarwa ta ƙasa ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin, bayan yajin aikin 2020 mai tsawon wata tara da na 2022 mai wata takwas. Abin da ya fi wannan ɗaure kai shi ne yadda gwamnati ta rushe majalisun gudanarwa baki ɗaya a Yunin 2023, duk da cewa doka ta ba su wa'adin shekara huɗu, ta kuma ce idan an rushe wata saboda gazawa ko almundahana a maye gurbinta nan take. Kusan shekara guda jami'o'i suka yi babu su, kuma ƙarin girma da hukunci da naɗe-naɗe duk suka rataya.

Masu kare gwamnati suna da hujja, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa baitulmali ne yake biyan albashin, don haka dole ya san wanda yake biya. Suna kuma nuni da zargin ma'aikatan bogi, da ɗaukar 'yan uwa da 'yan gari aiki, da shugabannin jami'a da suka mayar da kujerarsu sarauta. Rikicin Jami'ar Legas na 2020, inda majalisar gudanarwa ta tsige shugaban jami'ar a watan Agusta, gwamnati kuma ta mayar da shi a Nuwamba bayan kwamitin bincike, ya isa shaida cewa mutanen cikin gida ma suna iya karkacewa. Na yarda da cutar, maganin ne ban yarda da shi ba. Doka ta riga ta bai wa shugaban ƙasa hanyar sa ido: ya tura kwamitin ziyara duk bayan shekara biyar, ya fitar da rahoton, ya hukunta mai laifi. Ga Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, ga hukumomin yaƙi da cin hanci. Gwamnatin da take jinkirin tura kwamiti, ta kuma danne rahotonsa idan ya dawo, ba ta da bakin cewa 'yancin jami'a ne ya gaza. Ƙwace ikon ɗaukar aiki daga Zariya ko Maiduguri a kai shi Abuja bai kashe son kai ba, ya dai sauya ƙofar da ake zuwa kamun ƙafa.

Hujja ta biyu ta fi zafi, domin iyaye ne suke kawo ta: yaron da ya shiga karatun shekara huɗu ya fita a ta shida, me ya haɗa shi da gardamar iko? Wannan asara ce ta gaske, kuma 'ya'yan talakawa ne suka fi ɗaukarta, tunda masu hali sun kwashe nasu zuwa jami'o'i masu zaman kansu ko ƙetare. Sai dai yajin aiki ya zama al'ada ne saboda an toshe sauran ƙofofin. Yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da ASUU a 2009 an ce za a riƙa sabunta ta duk shekara uku. An kafa kwamitocin sabunta ta: na Babalakin ya zo ya wuce, na Munzali Jibril da na Nimi Briggs suka miƙa daftari, gwamnatin lokacin ba ta sa hannu ba. Harajin ilimi na 1993, wanda ya haifi asusun TETFund mai gine-ginen da ake alfahari da su a yau, daga yajin aikin 1992 ya fito. Gwamnatocin da suka nuna wa malamai cewa ba a sauraronsu sai ƙofar aji tana rufe, su ne suka raini wannan ɗabi'a.

Duk da haka, malaman ma akwai gyara a gabansu. Ba zai yiwu a nemi cikakken 'yanci ga kowace jami'a ba, sannan a nace cewa komai da komai sai an daidaita shi a teburi ɗaya da minista, har jami'ar jiha ta rufe saboda alkawarin da gwamnatin tarayya ta saɓa. Haka kuma majalisar dattawan jami'a taron farfesoshi ce galibi. Ƙaramin malamin da yake ɗauke da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, wanda ƙarin girmansa yake hannun shugaban sashe, muryarsa ba ta cika kaiwa can ba, balle ta mai kwantiragi. Abin da ya dace shi ne a bar mafi ƙarancin albashi da fansho a matakin ƙasa, a mayar wa majalisun gudanarwa ɗaukar aiki da kasafin ma'aikata tare da wajabta musu buga lissafinsu kowace shekara, a kuma ware wa ƙananan malamai kujerun zaɓe a kwamitocin ɗaukar aiki da ƙarin girma.