Kwamfuta ta tashi amma allo bai nuna komai ba: Dalilai da matakan gano matsalar

Daga cikin matsalolin da suka fi tayar da hankalin masu amfani da kwamfutar tebur akwai wadda ake danna maɓalli, fitila ta kama, fanka ta fara juyawa, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. A unguwanni irin su Rijiyar Zaki da ke Ƙaramar Hukumar Ungogo, a kan hanyar Gwarzo kusa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, masu shagunan buga takardu da cike fom ta intanet sun dogara ne kacokam ga irin waɗannan na'urori. Wuni guda ba tare da allo ba na nufin asarar ciniki, da jinkirta aikin ɗalibi, wani lokaci ma da fargabar rasa lissafin shekara da ke cikin na'urar.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, a mafi yawan lokuta wannan matsala ba ta taɓa bayanan da ke rumbun ajiya. Don haka babu dalilin amincewa a goge kwamfuta a sake ɗora mata manhaja tun kafin a gano inda cutar take.

Abin da ke faruwa idan an kunna kwamfuta

Da zarar an danna maɓalli, akwatin wuta da ke cikin na'urar yana sauya wutar gida mai ƙarfin bolt 230 zuwa ƙananan ma'aunai na bolt 12 da 5 da 3.3. Daga nan wata ƙaramar manhaja da ke zaune a kan babban allon ciki, wadda ake kira BIOS, ko UEFI a sababbin na'urori, takan bincika firosesa da RAM da sashen hoto. Sai wannan bincike ya kammala lafiya sannan tambarin kamfani ya bayyana, Windows ta biyo baya.

Juyawar fanka tana nuna cewa wuta ta shiga ne kawai, ba ta tabbatar da cewa binciken ya wuce ba. Ke nan matsalar na iya kasancewa a ɗaya daga wurare uku: allon kallo da wayarsa, kayan cikin akwati, ko ita kanta manhajar Windows. Hikima ita ce a fara da mai sauƙi wanda ba ya cin ko sisi.

Matakin farko: Allo da waya

A duba ko fitilar allon na ci. Idan ba ta ci, a canza masa soket ko wayar wuta. Idan tana ci da launin ruwan lemo, ko allon ya rubuta cewa babu sigina, to allon na da rai, saƙo ne bai iso masa ba.

A cire wayar hoto a sake matse ta a ɓangarorin biyu. Wayar VGA, mai shuɗin kai da allurai 15, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, har yanzu ana amfani da ita a ofisoshi da shaguna, kuma lanƙwashewar allura ɗaya na iya ɓata hoto ko hana shi fitowa. Allon da ke da ƙofofi da yawa, kamar VGA da HDMI, yana da maɓallin zaɓar ƙofar da zai karɓi hoto. Sau da yawa taɓa wannan maɓalli bisa kuskure ne silar komai.

Akwai kuma kuskuren da ke faruwa bayan an yi shara ko an sauya wa kwamfuta wuri. Idan na'urar tana da katin hoto na daban, ƙofofinsa na ƙasa-ƙasa a bayan akwati, kuma a nan ya kamata a soka wayar, domin ƙofar da ke sama kan daina aiki idan akwai katin. Gwaji mafi yanke shakka shi ne a haɗa akwatin da wani allo ko talabijin mai HDMI. Idan hoto ya fito, an gano mai laifi.

Mataki na biyu: Sauraron na'urar

A danna maɓallin Caps Lock ko Num Lock a kan madannai. Idan fitilarsa na kamawa tana mutuwa daidai da dannawa, alama ce cewa kwamfutar ta tashi, matsalar na ɓangaren hoto ne. Idan fitilar ba ta amsa ba, mai yiwuwa na'urar ta maƙale tun a binciken farko.

Kwamfutoci da dama suna bayyana ciwonsu da ƙara. A yawancinsu, ƙara guda gajeriya na nufin komai lafiya, yayin da ƙara mai maimaituwa ke nuni ga matsala, galibi ta RAM ko sashen hoto. Na'urorin Dell da HP, waɗanda suka cika kasuwar kayan hannu a Kano, kan yi amfani da ƙiftawar fitilar maɓallin kunnawa. Ma'anar adadin ƙara ko ƙiftawa ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a ƙirga da kyau, a rubuta, a nemi fassararsa da lambar samfurin na'urar.

Mataki na uku: Buɗe akwati

Kafin a taɓa komai a ciki, wajibi ne a cire wayar wuta daga bango, a danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 20 domin ragowar wuta ta fita. Wannan kaɗai kan tayar da wasu na'urorin. Sannan a taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin a taɓa kayan ciki. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ke bushewa ƙayau, jikin mutum na tara wata wuta, irin wadda ake ji tana tartsatsi a jikin bargo, kuma tana iya lalata ƙananan sassa.

RAM ce wadda aka fi zargi a wannan matsala. Ƙurar da ke taruwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da jijjigar ɗaukar na'ura a kan babur ko A Daidaita Sahu, suna sa ta saki daga mazauninta. A buɗe maƙallan gefe, a zaro ta, a goge bakinta mai ruwan zinare da busasshen ƙyalle mai laushi, a kaɗe ƙurar ramin, a mayar da ita har sai maƙallan sun kama da kansu. Idan guda biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, a ramuka daban-daban, domin lalacewar ɗaya na iya hana duka aiki.

Idan akwai katin hoto na daban, a cire shi a mayar. In bai yi ba, a ajiye shi gefe, a soka wayar allo a ƙofar sama, matuƙar firosesar na da nata sashen hoton.

Sai kuma ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, mai lamba CR2032 da ƙarfin bolt 3, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS. Cire shi na minti biyar yana mayar da saitin yadda ya zo daga kamfani. Kwamfutar da ta daɗe tana mance kwanan wata tana buƙatar sabo, kuma ana samunsa wajen masu gyaran agogo.

A ƙarshe a tabbatar wayoyin akwatin wuta sun zauna daram: babbar mai allurai 24, da ƙaramar mai 4 ko 8 da ke kusa da firosesa. Idan ƙaramar ta saki, fanka za ta juya amma hoto ba zai zo ba.

Idan tambari ya fito sannan allo ya yi baƙi

Wannan wata matsala ce daban, domin kayan ciki sun riga sun ci jarrabawa. A Windows 10 da 11, danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B tare yana farfaɗo da manhajar hoto. Maɓallan Windows da P kuma suna dawo da hoto idan an karkatar da shi zuwa majigi ko allo na biyu.

Lokacin neman mai gyara

Idan an ji ƙaurin ƙonewa, ko aka ga ƙananan gwangwanayen da ke kan babban allon sun kumbura, ko matsalar ta biyo bayan tsawa ko hauhawar wutar janareta, a kashe na'urar nan take. Kada a kuskura a buɗe akwatin wuta, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire shi daga soket. Raunanniyar akwatin wuta na iya juya fanka amma ta gaza ɗaukar firosesa, kuma ana tabbatar da hakan ne ta gwada wata mai lafiya.

Wanda zai kai na'ura wajen gyara, a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre ko wani wuri, ya rubuta girman RAM da na rumbun ajiyarsa tun daga gida, ya buƙaci a gwada a gabansa, kuma a ba shi duk kayan da aka cire. Idan akwai takardun ofis ko na abokan ciniki, ya fi kyau a cire rumbun a bar shi a gida, tunda ba a buƙatarsa wajen gano wannan matsala.

Rigakafi

A ɗaga akwati daga ƙasa, a rufe shi da ƙyalle bayan an kashe, a kaɗe ƙurar ciki kafin zafin Afrilu ya kankama. A haɗa shi da sitabilaiza ko UPS, a kuma cire waya daga bango idan hadari ya haɗo ko za a tayar da janareta. Tsofaffin na'urorin da aka shigo da su daga Amurka kan zo da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Dole ne ya tsaya a kan 230. Sama da duka, a riƙa kwafe muhimman takardu a filashi ko a intanet duk mako, domin ko babban allon ya ƙone, aikin da aka ajiye a wuri biyu ba ya salwanta.