Haddin Koyo a Ƙwaƙwalwa Mai Sarrafa Na'ura: Sake Duban Hujjoji

Muƙaddima

Tun shekarar 1969, sa'ad da Eberhard Fetz ya nuna a Jami'ar Washinton cewa biri yana iya ƙara yawan bugun ƙwayar jijiya guda ta ƙwaƙwalwarsa muddin za a saka masa da abinci, masana suka yi ittifaƙi a kan cewa ƙwaƙwalwa tana iya koyon sarrafa na'ura kai tsaye. Saɓanin da ya rage a kan iyakar wannan koyo yake. Akwai masu karanta binciken Sadtler da abokan aikinsa, wanda mujallar Nature ta buga a 2014, su fitar da hukunci yankakke, wai ƙwaƙwalwa tana da haddin da ba ta ƙetarewa. Da'awarmu kuwa ita ce sun ɗora wa binciken abin da bai faɗa ba.

Hanya

Mun yi muƙabala tsakanin rahotannin da aka riga aka buga a kan birai da ɓeraye, muna lura da tsawon lokacin da aka bai wa dabba ta koya.

Abin da ya bayyana

A gwajin na Sadtler, wanda aka yi a Pittsburgh, an dasa wa biri faranti mai tsinken lantarki 96 a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsi, aka zaunar da shi gaban allo, inda wata manhaja, wadda za mu kira tafinta, take mayar da bugun ƙwayoyin jijiyarsa motsin wani ɗigo, in ɗigon ya isa inda ake so sai a ɗiga masa abin sha a baki. Da aka auna, sai aka tarar ƙwayoyin nan, ko da yake sun kai kimanin casa'in, ba kowace ke cin gashin kanta ba, bugunsu yana tafiya ne bisa salo kamar goma da suka saba haɗuwa a kai. Sa'an nan aka riƙa sauya tafinta. Idan sabon tafinta yana neman abin da ke cikin salon da aka saba, biri kan gane shi cikin 'yan sa'o'i. Idan kuwa yana neman haɗin da ƙwayoyin ba su taɓa yi ba, sai a tashi aiki ɗigo bai daidaita ba. Golub da jama'arsa sun bayyana dalilin haka a 2018: a koyon gaggawa ƙwaƙwalwa ba ta ƙago sabon abu, tsofaffin salonta take sake rabawa ga sababbin manufofi, kamar mai kalangun da aka sauya wa rawa ya bi ta da kiɗan da ke hannunsa.

To, amma duk wannan a zama ɗaya aka yi shi, kuma a nan ne masu hukuncin suka yi gaggawa. Domin a 2019 Oby da abokansa, daga wannan zauren bincike ɗin dai, sun koma kan mas'alar da haƙuri, suka daina jefa wa biri tafinta mai wuya gaba ɗaya, suka riƙa matsar da shi daki-daki cikin kwanaki da dama, har aka wayi gari ƙwayoyin suna fitar da salon bugun da babu shi a farko, biri kuma yana tuƙa ɗigonsa da shi. Ashe haddin na wuni ɗaya ne.

Dalilin jinkirin ma ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya leƙa binciken ɓeraye. Koralek da Costa da Carmena sun nuna a 2012 cewa, yayin da ɓera ke koyon ɗaga sauti ko saukar da shi da bugun ƙwaƙwalwa, alaƙa tana ƙaruwa tsakanin sashen motsi da wani sashe na can ciki mai suna sitirayatom, kuma ɓerayen da aka hana wa wannan sashe sauyawa sun kasa koyo. Gulati da Ganguly kuma sun gano a 2014 cewa ƙwayoyin da suka yi aikin da rana suna maimaita shi cikin barci mai nauyi. Gwajin da aka fara da hantsi aka rufe da la'asar, ta ina barcin dare zai shiga lissafinsa?

Iyakokin nazari

Ba ma musun cewa biran da aka yi aiki da su 'yan ƙalilan ne, cewa tsinke 96 ba ya jin sai kaɗan daga miliyoyin ƙwayoyi, kuma lafiyayyen biri daban yake da mutumin da shanyewar jiki ta kwantar shekaru. Sai dai waɗannan illoli sun hau kan hujjar abokan saɓaninmu kamar yadda suka hau kan tamu. Tun 2009 Ganguly da Carmena suka nuna cewa taswirar da ƙwaƙwalwa ke ginawa tana kafuwa ne idan aka bar tafinta bai sauya ba kwana da kwanaki. Saboda haka wajibi ne masu gwada waɗannan na'urori a kan majinyata su auna koyo da makonni kafin su ce ƙwaƙwalwa ta gaza.