Bayin da Suka Karantar da 'Ya'yan Iyayen Gijinsu

A shekara ta 272 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), birnin Tarentum na Girkawa da ke kudancin Italiya ya faɗa hannun Rumawa. Daga wannan gari ne aka kawo wani bawa mai suna Andronikus. Ya karantar da 'ya'yan ubangidansa, aka 'yanta shi, ya juya waƙar Odisi ta Homa zuwa harshen Latin, sannan a 240 ya shirya wa mutanen Rum wasan kwaikwayo irin na Girkawa. Adabin Rumawa ke nan ya soma a hannun baƙo.

Haka abin ya ci gaba. Da janar Emiliyus Paulus ya murƙushe Sarki Fasiyus na Makidoniya a Pidna a 168, dukiyar ya zuba a baitulmali, amma littattafan sarkin ya kai wa 'ya'yansa. Shekara na zagayowa aka kwaso manyan Girkawa 1,000 zuwa Italiya a matsayin garkuwa. Cikinsu akwai Folibiyus, wanda ya zama malami kuma aminin Sifiyo, ɗan Paulus ɗin. Yana tare da shi a 146 lokacin da aka ƙona birnin Kartaj. A shekarar ce kuma Rumawa suka rushe birnin Korinti na Girkawa, suka sayar da mata da yara, suka yi awon gaba da gumaka da zane-zanenta.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. A 155 Atina ta aiko masana falsafa uku a matsayin jakadu. Ɗayansu, Karniyadis, ya tsaya yau ya yabi adalci, washegari ya dawo ya rusa hujjojinsa na jiya, samari suna ta tururuwa. Dattijo Kato ya matsa wa majalisar Rum ta sallame su da gaggawa. Har likitocin Girka ya gargaɗi ɗansa a kansu. Ni dai ban ga wauta a tsoronsa ba: uban da ya ga ana koya wa ɗansa cin gardama ko da gaskiya ko babu, dole hankalinsa ya tashi. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Shi kansa Kato ya karanta littattafan Girkawa, kuma bayan shekara 76 da zuwan jakadun wani Barume mai suna Sisaro ya tafi Atina da Rodos neman ilimin iya magana.

Daga baya Sarkin Rum Markus Oreliyus da Girkanci ya rubuta tunane-tunanensa, likitansa Galen ma Bagirke ne daga Fergamon. Da daular Rum ta Yamma ta faɗi a shekara ta 476 Miladiyya, ta Gabas ta ɗore a Kustantiniya. Hiraƙla, sarkin Rum da Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa, Girkanci ake yi a fadarsa.