Littafin Anuhu da ƙattin farko

Ga labarin wani tsohon littafi. Sunansa Littafin Anuhu. Anuhu uban kakan Annabi Nuhu ne, amma ba shi ya rubuta littafin ba. Yahudawa suka rubuta shi, shekara fiye da 2000 da suka wuce.

Littafin ya ce mala'iku 200 sun sauko bisa dutsen Harmon. Suka auri ƴan mata, suka haifi ƙatti. Su ne wai suka koya wa mutane ƙirar takobi da wuƙa. Ɓarna ta yi yawa, sai ruwan Ɗufana ya zo.

Yahudawa da yawancin Kirista ba su sa shi cikin littattafansu masu tsarki ba. Kiristan Habasha suka adana shi. A 1773 wani Bature, Jamis Burus, ya kai shi Turai. A 1952 aka samu guntayensa cikin wani kogo kusa da Tekun Gishiri.

A 1968 wani mutumin Suwis, Fon Daniken, ya fitar da littafi. Ya ce baƙi daga taurari suka kawo wa mutanen da sani. Masu bin ra'ayinsa suna kafa hujja da Anuhu.

Masu tonon kufai sun ƙi wannan magana. Ba su ga sawun baƙin ba. Nan Nijar, wajen Tarmit, sun samu wuraren narkar da tama na shekara fiye da 2000. Aikin hannun mutane ne.

To, mai karatu, in ka ga magana a takarda, ka tambaya: wa ya rubuta, yaushe, ina shaida?