Shafin intanet na ɗan kwangila: yadda ake tsara shi da yadda Google ke nuna shi

Ɗan kwangilar gine-gine, ko mai haƙa rijiyar burtsatse, ko mai haɗa wutar sola, yawanci ta bakin mutane yake samun aiki. Amma akwai masu bayar da aiki da ba su san kowa a gari ba: ƙungiyoyin agaji masu neman magini a Maradi ko Damagaram, da ƴan Nijar mazauna Abidjan, Lome ko Faransa masu son gina gida kuma suna tsoron a ci amanarsu. Waɗannan sukan fara bincike ne a Google. Kamfanin da bai fito a sakamakon ba ya rasa aikin tun kafin a yi maganar farashi.

Abin da ya kamata shafin ya ƙunsa

A fuskar farko a ga sunan kamfani, irin aikinsa, garuruwan da yake aiki, da lambar waya mai farawa da +227. Maɓallin WhatsApp ya fi fom ɗin cikewa amfani, domin ta nan ne mutane suka saba ciniki. Lambar rajistar kasuwanci RCCM da lambar haraji NIF suna nuna cewa kamfanin yana bisa doka. Hotuna su zama na ayyukan kamfanin na gaskiya, da sunan unguwa da shekarar aikin. Hoton da aka kwaso daga intanet yana zubar da mutunci idan aka gane shi.

Sauƙin buɗewa a waya

Tun 2023 Google ya kammala komawa ga auna shafuka bisa yadda suke buɗewa a wayar hannu. Wannan ya dace da Nijar, inda akasarin jama'a ke shiga intanet ta layukan Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom. Manyan hotuna suna cinye data kuma suna jinkirta shafi, don haka ake rage nauyinsu, misali da tsarin WebP. Manhajar PageSpeed Insights tana auna saurin shafi kyauta. Haka kuma adireshin ya fara da https: tun Yulin 2018 Chrome ke yi wa shafukan http tambarin rashin tsaro, kuma Let's Encrypt na bayar da takardar tsaron ba tare da biyan kuɗi ba.

Fitowa a sakamakon bincike

Wannan aiki shi ne ake kira référencement da Faransanci. Tushensa shi ne amfani da kalmomin da mai neman aiki yake rubutawa da kansa, kamar «entreprise BTP Maradi» ko «forage Zinder». Kowane irin aiki yana buƙatar shafinsa daban, da take gajere wanda bai wuce haruffa kusan 60 ba, mai ɗauke da aikin da sunan gari. Rubutu da Faransanci da Hausa yana kai wa ga masu karatu iri biyu.

Rajista a Google Business Profile kyauta ce, kuma ita ke sa kamfani ya bayyana a Google Maps. Google yana duba abubuwa uku wajen jera kamfanonin gari: dacewa da abin da aka nema, kusanci, da shahara. Ra'ayoyin waɗanda aka yi wa aiki suna ƙara shahara, amma sayen ra'ayin ƙarya ya saɓa wa ƙa'idar Google. Suna, adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a shafin, a Facebook da a taswira. Search Console kuma yana nuna kalmomin da suka kawo mutane.

Hattara da masu alkawari

Sakamako yakan ɗauki watanni, kuma babu wanda zai iya tabbatar da matsayi na farko a Google. Sunan shafin, ko mai ƙarewa da .ne na Nijar ko .com, a yi rajistarsa da sunan kamfanin, kalmomin sirri kuma su zauna a hannun mai shi. Idan suna hannun wanda ya ƙirƙiri shafin, ranar da aka saɓa da shi shafin zai iya tafiya tare da shi.