Zuma tsakanin daji da gida: shimfiɗa a kan tarihin ƙasar Attantane

A cikin wannan ƴar takarda muna so mu ɗauki wani abin da masana tarihin jihar Maraɗi suka saba tsallakewa, wato zaman mutane da ƙudan zuma wanda ba na kiwo ba, wanda yake sauka da kansa a kogon kuka, ko jikin rumbu, ko bakin rijiyar garka. Mun zaɓi ƙasar Attantane ta cikin gundumar Mayahi, wadda a zamanin Nasara take bin Tasawa. Ra'ayinmu shi ne, kusantar da zuma ya yi wa gida a wannan yanki abu ne da ya faru cikin tarihi, kuma ba a iya fahimtarsa sai an bi tarihin daji da na itatuwa.

Dalilin da ya sa zuma bai cika fitowa cikin takardu ba

Malaman addini ba su manta da zuma ba. Sura ta 16 ta Alƙur'ani sunansa take ɗauke da shi, kuma akwai hadisin Ibn Abbas, wanda Abu Dawud ya fitar, da ya hana kashe halittu huɗu, ƙudan zuma na cikinsu. Amma a mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasarmu, ba a fitar da zakka a kan zuma, saɓanin Hanafiyya. Abin da ba a aunawa domin zakka, ba a cika yin rubutu a kansa ba. Haka nan a zamanin mulkin mallaka, idon kumandan yana kan ƙidayar kawuna da dabbobi, daga baya kuma a kan gujiya, wato gyaɗa. Shi kuwa zuma, ana cirarsa da dare, a sha a gida ko a sayar da shi cikin ƴar kwalba ran kasuwa. Saboda haka mai bincike ba ya da wata hanya sai ya kewaya, ya tambayi tarihin wuraren da ƙudan yake zama.

Lokacin da daji yake daji

A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth ya ratsa Tasawa da Gazawa ya nufi Katsina, ya kuma ba da labarin dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina, wanda matafiya suke tsoro saboda mahara. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 tsakanin Maraɗi da Gobir a gefe ɗaya, da daular Sakkwato a ɗaya gefen, ga kuma Damagaram daga gabas, sun tilasta wa mutane cunkushewa cikin garuruwa masu kariya. Gonaki suna kusa da gari, bayansu kuwa sai daji mai faɗi.

Guy Nicolas, a babban littafinsa na 1975 a kan Hausawan kwarin Maraɗi, ya nuna yadda Anna suke raba duniya tsakanin gari da daji. Daji wurin iskoki ne, kuma shigarsa gado ne na wasu dangogi, musamman maharba. In muka ɗora zuma a kan wannan ma'auni, za mu ga cewa asalinsa ɗan daji ne, cirarsa kuma sana'a ce ta masu sani da asiri. Shi ya sa a wurare da dama na ƙasar Hausa ake samun sarautar Sarkin Zuma, kamar yadda ake da Sarkin Maƙera ko Sarkin Ruwa. Amya ma, wadda ake saƙawa da ciyawa a shafe ta da kashin shanu, a yi mata turare a ɗora a reshen itace, ba ta mai da zuma dabbar gida. Gayyata ce kawai: in ya ga dama ya shiga, in fure ko ruwa ya yanke ya tashi gaba ɗaya. Wannan ƙaura halin zuman Afirka ne, wanda Latreille ya raɗa wa jinsinsa na yammaci suna adansonii a 1804. Wanda ya auna shi da zuman Turai, mai zama cikin akwati shekara da shekaru, ya ce manomanmu ba su iya kiwo ba, bai fahimci ƙudan ba, balle manoman.

Yadda gona ta cinye daji

Bayan wucewar rundunar Voulet da Chanoine, waɗanda ajalinsu ya same su a wajen Maijirgi a watan Yuli na 1899, da kafuwar mulkin Faransa, hare-hare sun kwanta. Mutane suka fantsama, ana gina rijiya, ana kafa sabon ƙauye, ana sassabe. Haraji na kuɗi ya tura manoma ga gujiya, kuma bayan kafa kamfanin SONARA a 1962 nomanta ya kai ƙololuwa, kafin farin 1973 da cutar da ta biyo baya su karya shi. Claude Raynaut da abokan aikinsa na Bordo, waɗanda Sharkin Hausa ta ƙasar Mayahi take cikin ƙauyukan da suka yi nazari, sun gwada hotunan sama na 1957 da na 1975, suka nuna yadda gonaki suka haɗe da juna, saura ta ragu. Mutanen jihar Maraɗi ba su kai miliyan 1 ba a ƙidayar 1977. A ta 2012 sun wuce miliyan 3 da dubu 400.

A nan ne ya kamata mu dakata. Zuma yana bukatar abu uku: kogo, da fure, da ruwa. Kogo sai tsohon itace, kuma tsofaffin itatuwa su ne fari da gatari suka fi ci a 1973 da 1984. Waɗanda suka tsira galibi na cikin gari ne, irin tsamiyar dandali da kukar bayan gida, da kuma gawon cikin gona. Ruwa kuwa, a ƙasar da Gulbin Kaba ya daɗe da zama mataccen gulbi, in tabkuna suka ƙafe babu shi sai a rijiya, da kwamin shayar da dabbobi, da randar tsakar gida. Ke nan abin da ya rage wa zuma duk yana hannun mutum. A ganinmu, mutane ne suka kai gidajensu da gonakinsu har inda zuma yake, sannan suka zama su kaɗai ke da abin da yake nema. Matar da take korar ƙudan zuma daga bakin tulu a watan Afrilu tana fama ne da sakamakon sassaben kakanninta.

Wannan kusanci yana da tsada. Taron zuma da aka tsokana yana iya kashe jaki ko akuyar da ke ɗaure, yana iya jikkata yaro, kuma maganin da aka fi sani shi ne wuta, wadda ke hallaka ƙudan, wani lokaci har da itacen. Feshin maganin fara da aka yi a faɗin Sahel tsakanin 1986 da 1989 bai bambanta fara da zuma ba. A ɗaya ɓangaren, tun daga farin 1984 hukuma ta ƙarfafa noman rani, garake suka yawaita, alhali kabewa da kankana da duma ba sa yin ƴaƴa sosai in ƙwari ba su kai musu garin fure ba. Hatsi iska ke yi masa wannan aiki, amma riɗi dabam ne: binciken Katharina Stein da abokanta a Burkina Faso, wanda ya fito a 2017, ya nuna cewa in aka hana ƙudaje isa ga furen riɗi, amfanin yana raguwa da kashi 59 cikin 100. Kuma ba zuma mai harbi kaɗai ke wannan aiki ba. Akwai galla, ƴar ƙarama marar harbi, da wasu masu zama ɗaiɗai cikin rami ko cikin azara, waɗanda ba sa ba da abin sha, don haka ba wanda ya damu da su.

Wa ke da itacen?

Tambayar wa ke da zuma, a ƙarshe tambaya ce ta wa ke da itace. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa hukunci mai tsanani a kan saran gawo. Dokar gandun daji ta Faransa ta 4 ga Yuli 1935 ta mai da kula da itatuwa aikin hukuma, dokar Nijar ta 1974 kuma ta bi sawunta, ta jera itatuwan da aka hana sara, har da gawo da kuka da tsamiya da goriba. Niyyar kariya ce, amma abin da ya biyo baya shi ne manomi ya ɗauki itacen gonarsa a matsayin kayan ma'aikatan gandun daji, mai jawo tara. Wanda ba ya da iko da itace, ba zai wahala wajen renon tsiro ba.

Al'amarin ya fara juyawa daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM a Maraɗi ya shiga yaɗa dabarar da manoma ke kira sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a cikin gona maimakon a ƙone shi. Tsarin dokokin karkara na 1993, da dokar daji ta 2004, da dokar 2020 a kan renon toho, sun ƙara wa manomi ƙarfi a kan abin da ya rena. Chris Reij da Gray Tappan sun ƙiyasta a 2009 cewa wannan farfaɗowa ta shafi hekta miliyan 5, da itatuwa kamar miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Ta fuskar fure wannan babban sauyi ne. Gawo yana fure da kaka zuwa farkon ɗari, lokacin da ciyawa ta bushe. Ga magarya, da aduwa, da kalgo, da sabara, kowanne da lokacinsa. Amma ta fuskar kogo ba haka ba ne, kuma wannan ne masu lissafin itatuwa daga hoton sama ba sa gani. Itace mai shekara 20 ko 30, wanda ake sassaƙe wa rassa kowace shekara domin makamashi da abincin dabbobi, bai yi kogo ba tukuna. Abinci ya dawo kafin masauki ya dawo, saboda haka taron zuma da ya tashi yana iya ƙarewa a rumbu ko rufin ɗaki. Amya a kan gawon gona tana iya rufe wannan giɓi, sai dai tana haɗa mutum uku a kan abu ɗaya: mai gona, da mai amya, da makiyayin da ke ratsa gonar bayan girbi yana kakkaɓar ƴaƴan gawo. Dokokin da muka ambata an tsara su ne a kan itace da ƙasa, don haka shari'ar dabbar da zuma ya kashe, ko ta amyar da aka kayar, tana komawa ne zauren mai gari.